An sake min Windows aikin biki uku ya tafi, ya zan raba sabuwar kwamfutata?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja bayani. Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyon biki, shagona yana wajen Gwammaja. Satin da ya wuce laftof ɗina ta ƙi tashi, in na kunna sai ta kawo shuɗin allo ta mutu ta sake kunna kanta, haka take ta zagaye. Na kai wa wani mai gyara ya ce Windows ce ta lalace sai an sake, na ce masa akwai fa aikin mutane a ciki, ya ce ba komai. Na je sallar la'asar na dawo na tarar kwamfuta ta tashi fes kamar sabuwa amma wayam, aikin biki uku da ke kan Desktop duk babu, har da kamu da yinin wata amarya a Ɗorayi da ban ba su ko hoto ɗaya ba, kuma memorin kamarar na riga na goge na yi wani aikin da shi. Wallahi da mahaifiyar amaryar ta kira ni rasa abin faɗa na yi, sai gumi. Yanzu na sayi wata ta gwanjo a Beirut Road, HP ce mai SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri wadda ba ta juyawa) giga 256, ina kuma da hadisk tera 1 sabo a kwali. An ce min a raba gida uku, Windows daban, manhajoji daban, aiki daban. Ta ina zan fara?

Maman Khairat: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri Malam, na san zafin abin nan.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kafin maganar sabuwa, tsohuwar tana ina yanzu? In tana kunne ka kashe ta yanzun nan, kar ka sauke komai a kanta, kar ma ka buɗe burauza. Fomatin na gaggawa ba ya share ainihin hotunan, sunayensu kawai yake cirewa daga lissafi ya ce wurin ya zama fili, duk abin da ka rubuta daga baya a kansu yake hawa. Amma ka fara leƙawa sau ɗaya cikin C, wato ɓangaren hadisk da Windows take zaune, ko akwai folda mai suna Windows.old, in mutumin bai yi fomatin ba ɗorawa kawai ya yi to kayanka suna nan cikin Users, sai sunanka, sai Desktop. Ka hanzarta don Windows kan goge foldar nan da kanta, yawanci bayan kwana 10.

Abban Hanifa: Na duba ranka ya daɗe, babu ita. Yau kwana shida. Na kashe ta na saka a jaka.

Injiniya: To tsohuwar hadisk ne a ciki mai juyawa ko SSD?

Abban Hanifa: Mai juyawa ne, giga 500, kana jin ƙararsa in ka kanga kunne.

Injiniya: Alhamdulillah, nan akwai fata. Da SSD ne da wuya, don shi akwai abin da ake kira TRIM da ke share wurin da aka goge tun ba ka sani ba. A ciro hadisk ɗin a sa shi a kwanso a jona da wata kwamfutar ta USB, a bi shi da PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, kyauta ce, kuma abin da aka samo a ajiye a wani wuri daban ba a kansa ba. Memorin kamarar ma ka kawo a gwada, in aikin da ka yi daga baya bai cika shi ba ana iya samun saura.

Ɗan Fagge: Ni gyara nake yi shekara da shekaru a Farm Centre kuma ba zan kare wanda ya yi maka wannan ba, kuskure ne babba, minti nawa ne a tashi kwamfuta da filash a kwashe Desktop da Documents kafin a taɓa komai. Amma mu ma muna gani, mutum ya kawo kwamfuta ka tambaye shi sau uku akwai abin da kake so, ya ce babu, bayan kwana biyu ya dawo da yayyensa wai takardun filinsa suna ciki. Shi ya sa duk kwamfutar da ta biyo ta hannuna sai na yanka ta biyu, C da D, na ce wa mai ita duk abin da kake so ka zuba a D, ranar da Windows ta yi gardama C kawai za mu share. Wannan tsarin ya ceci mutane ba adadi a shagona.

Sadiq BUK: Oga ni uku nake yi. C na Windows, D na manhajoji da wasanni, E na karatu. In na sake Windows ba sai na sake sauke komai ba, data ta yi tsada.

Injiniya: Ƙanina Sadiq a nan ne nake da ja. Ɗora manhaja a D ba ya hana ka sake ɗora ta. Lokacin da kake saka Photoshop ko Office ba foldarta kaɗai take cikawa ba, tana rubuta bayanai a rajistirin Windows, tana zuba wasu fayiloli a cikin C ko ka so ko ka ƙi, saitinka kuma yana zaune a AppData ƙarƙashin Users. Ranar da ka share C duk waɗannan sun tafi, sai ka shiga D ka ga foldar tana nan da nauyinta ka danna ta ƙi buɗewa ko ta kawo maka kuka wai wani fayil ya ɓata. Kamar ka rushe gida ne ka bar fanka da fitilu a rataye, waya babu, mita babu. Manhaja da Windows tafiyarsu ɗaya, gara su zauna ɗaki ɗaya a kan SSD inda za su yi gudu.

Sadiq BUK: Amma wallahi wasannina na Steam sun dawo, na nuna masa foldar kawai ya gane su.

Injiniya: Gaskiya ne, Steam, manhajar sauke wasanni, an gina shi da haka, yana da ɗakin ajiyarsa da za ka iya kaiwa ko'ina, kuma wasa ɗaya yana iya cin giga 100 don haka a kai shi D daidai ne. Akwai kuma ƙananan manhajoji da ba a girka su, daga folda suke tashi. Amma Premiere da CorelDRAW da Office ba haka suke ba. Abin da zai rage maka kashe data shi ne ka buɗe folda a D ka tara fayilolin girkawa, da direbobin kwamfutarka, in an sake Windows ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sadiq BUK: Toh na gane, ashe abin da ya sa Office ɗina ya ƙi tashi kenan wancan karon, na ɗauka bairos ne.

Maman Khairat: Ku ba ni dama in faɗi nawa don ni abin da Ɗan Fagge yake yi shi aka yi min kuma bai cece ni ba. Ina da shagon buga takardu a Kabuga, yawancin aikina furojet ɗin ɗalibai ne, wani ya kawo babi ɗaya yau ya kawo gyaran malaminsa bayan wata biyu, dole ka ajiye masa. Kwamfutata ta tebur an raba min C da D, komai ina zubawa a D hankalina kwance, har nakan gaya wa yaran shago ai mu muna da ajiya. Wata rana da zafin nan na watan Afrilu aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, aka tada janareta, muka kunna sai muka ji ƙas ƙas ƙas daga cikin akwatin kamar agogon bango, allo ya rubuta wai bai ga inda zai tashi ba. Aka kira mai gyara ya ce hadisk ya mutu. Na ce to a ciro min D. Ya kalle ni ya ce Hajiya ai C da D ɗin duk abu ɗaya ne, faranti ɗaya ne aka ja wa layi a tsakiya. Ranar na zauna a kan benci na rasa ta cewa, akwai yarinyar da saura mata sati ɗaya ta kare furojet, sai da muka kwana uku muna sake bugawa daga takardun da ta yi wa gyara da biro. Don haka Malam kar wani ya ce maka yanka hadisk ɗaya gida biyu ajiya ce. Katangar zana ce a tsakar gida ɗaya, in gobara ta tashi duka take ci.

Ɗan Fagge: Hajiya ban musa ba, Allah ya kiyaye gaba. Ni ban taɓa cewa ajiya ce ba, maganin sake Windows ne kawai. Amma na yarda ya kamata mu riƙa faɗa wa mutane bambancin da bakinmu, da yawa suna ganin C da D a allo su ɗauka ƙarfe biyu ne a ciki.

Injiniya: Duk mai son ya tabbatar ya danna dama a kan tambarin Start ya zaɓi Disk Management. In ka ga Disk 0 kaɗai da C da D a jere a layinsa to ƙarfe ɗaya gare ka. In akwai Disk 0 da Disk 1 to biyu ne na gaske.

Abban Hanifa: To ni da nake da biyu na gaske, SSD da hadisk, ya zan yi? Laftof ɗin fa wuri ɗaya na gani.

Ɗan Fagge: Tana da wurin saka faifan DVD a gefe? In tana da shi a zare shi a sa kadi, wani ƙaramin gida ne mai siffar wurin faifan da hadisk yake shiga ciki, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da shi a ƙasa. Ka dai kula kauri biyu ne, akwai milimita 9.5 akwai 12.7, ka tafi da laftof ɗin kasuwa a gwada a gabanka. In kuma SSD ɗin nata irin siririn nan ne M.2 mai kama da cingam, to wataƙila wurin hadisk na inci 2.5 yana nan a buɗe, sai a buɗe bayanta a gani.

Abban Hanifa: Tana da wurin faifai, ban ma taɓa amfani da shi ba.

Mai Editin Zoo Road: Abokin sana'a sannu da jarrabawa. Ga yadda muke yi a nan, don mu kullum cikin manyan fayiloli muke. SSD gaba ɗayansa C, kar ka yanka shi, giga 256 ba shi da yawan da za a raba. Windows 11 kanta Microsoft ta ce sai da wurin giga 64, ka ɗora Premiere da Photoshop da Lightroom, ga fayil ɗin hibanet da na pagefile, waɗanda Windows take ajiyewa don aikin kanta, suna cin nasu a ɓoye, in ka ba C giga 100 wata uku ba za ka yi ba sai ka ga layin da ke nuna cikarsa ya koma ja. Na ga masu yanka shi suna dawowa ana ta fama a ƙara wa C wuri. Hadisk ɗin tera 1 shi ne D, nan aiki zai zauna, kowane biki foldarsa da shekara da wata a gaban sunan don su jeru da kansu. Abin da nake yi kuma, bikin da nake kan editin ɗinsa ina kwafo shi zuwa SSD in yi aiki a can saboda gudu, SSD na SATA yana kai mega 500 da ɗoriya a daƙiƙa, hadisk na laftof mai juyi 5400 da ƙyar yake wuce 100, a bidiyo bambancin kamar mai keke da mai mota ne. In na gama na fitar na mayar D na share na C. Kaga a lokacin aiki kwafi biyu gare ni ba tare da na yi niyya ba.

Mai Editin Zoo Road: Na manta, Premiere yana tara tarkacen da yake kira Media Cache a cikin AppData, shi ne ke cinye C a shiru. Ka riƙa shiga saitinsa kana sharewa duk bayan aiki biyu ko uku. Shi kuma katalog ɗin Lightroom a Pictures yake zama, in ya ɓata duk gyaran kalar da ka yi ya tafi ko da hotunan suna nan, shi ma a kula da shi.

Abban Hanifa: Allah ya saka. Matsalata ni hannuna ya saba da Desktop, ko na ce zan kai D in ina sauri a nan nake jefawa.

Injiniya: To ba sai ka canza hali ba, Desktop ɗin za ka ɗauke ka kai D. Ka buɗe folda a D ka sa mata suna Desktop. Ka koma ta asalin ka danna dama, Properties, sai Location, sai Move, ka nuna masa sabuwar, zai tambaye ka ko a kwashe kayan ciki ka ce eh. Haka za ka yi wa Documents da Pictures da Videos da Downloads, kowacce da tata foldar. Daga ranar duk abin da ka jefa a fuskar allo a hadisk yake sauka. Gargaɗi ɗaya, kar ka nuna masa D tsurarta ba folda, in ka yi haka D ɗin gaba ɗaya za ta zama Desktop kuma warwarewa akwai ciwon kai. Kuma kar ka ce za ka ɗauke foldar Users dukkanta, wannan yana jawo rikici lokacin sabuntawa.

Ɗan Fagge: Ƙari a kan na Injiniya, duk ranar da za a sake Windows a zare kadin tukuna. Dalili biyu, na farko kar hannu ya kuskure a share wanda ba shi ba don a allon girkawa ba C da D ake gani ba, Drive 0 da Drive 1 ne. Na biyu wani lokaci Windows takan ajiye ɗan ɓangaren da take tashi da shi a ɗaya ƙarfen, ranar da ka cire hadisk sai kwamfuta ta ƙi tashi alhali SSD lafiyarsa ƙalau.

Baban Amira: Mu masu amfani da Linux a madadin Windows mun daɗe da wannan tsarin, /home inda kayanka suke daban, tushe inda Linux ɗin yake daban, ka sauya daga Ubuntu zuwa Mint kayanka ko gezau. Amma ba wannan ya kawo ni ba. Ba wanda ya yi maganar manhajojin da ake fasawa don a yi amfani da su ba a biya ba, kuma mu faɗa wa juna gaskiya su suka fi yawa a kwamfutocin garin nan. Ƙanen matata ya sauko da wata fasasshiya daga intanet, washegari duk hotuna da takardu sun sauya suna an liƙa musu wasu haruffa a ƙarshe, ba wanda yake buɗewa, ga wani fayil _readme.txt a kowace folda wai ya biya dala 980, ko 490 in ya biya cikin awa 72. Irin wannan bairos ɗin ba ruwansa da C ko D ko E, duk abin da ke jone da kwamfuta a lokacin sai ya kulle shi, har filash ɗin da ke jiki bai tsira ba. Ko ƙarfe biyar ka sa a ciki bai hana ba. Kuma ɓarawon da ya fizge jaka a adaidaita sahu da SSD da kadi duka zai tafi.

Maman Khairat: Abin da nake ta so a fito da shi kenan Baban Amira. Ni yanzu ina da hadisk na waje, duk Alhamis kafin mu rufe nake jona shi in kwafe, in zare in tafi da shi gida a jakata, ba ya kwana a shago. Takardun da suka fi muhimmanci kuma ina tura su Google Drive, giga 15 kyauta suke bayarwa, ga mai takardu ya isa har ya yi yawa.

Mai Editin Zoo Road: Ga mai bidiyo kam giga 15 ko kamu ɗaya ba zai ɗauka ba Hajiya, ga kuɗin data. Mu dole sai na waje. Kuma abokina doka ɗaya ka ɗora wa kanka, memorin kamara ba a goge shi sai aikin ya zauna wuri biyu. In kuɗi ya samu ka ƙara memori ko biyu ne, ya fi sauƙi a kan kiran uwar amarya.

Sadiq BUK: Tambaya don Allah, na sayi tera 1 amma 931 yake nuna min, an cuce ni ne?

Injiniya: Ba a cuce ka ba. Kamfani da 1000 yake lissafi, Windows da 1024, shi ya sa tera 1 yake fitowa giga 931, 500 kuma 465. Inda ake cuta shi ne a sayar maka da tsohon hadisk a sabon kwanso. Ka sa CrystalDiskInfo zai nuna maka awa nawa ya yi yana aiki da lafiyarsa, in ka ga rawaya ka mayar tun kana bakin shagon. Abban Hanifa kai ma ka gwada SSD ɗin ta gwanjon nan da shi. Sannan ka duba ko BitLocker, makullin da Windows take kulle hadisk ko SSD da shi, a kunne yake, sababbin Windows 11 sukan kulle da kansu in ka shiga da asusun Microsoft, mabuɗin lamba 48 ne, ka rubuta a takarda ka adana, in babu shi ko an ciro ƙarfen lafiya lau ba mai iya karanta abin da ke ciki.

Ɗan Fagge: Wannan BitLocker ɗin ya sa mutane kuka a gabana fiye da sau ɗaya, yawanci wani ne ya buɗe musu asusun a shago ba su ma san imel ɗin ba.

Abban Hanifa: Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya muka kwana muna aikin da wani ɗan uwa a Tarauni. PhotoRec ya yi wajen awa tara yana bi, ya fito da foldoji da yawa, sunayen duk sun ɓace sai f da lambobi, hotunan biki sun cakuɗe da na shekarun baya har da na sunan Hanifa da na zata sun ɓata tuntuni. Na zauna ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya ina gane su da kalar anko. Na amaryar Ɗorayi hotunan kamu sun fito kusan duka, na yini rabi, wasu in ka buɗe rabin hoton toka-toka ne. Bidiyon kam yawanci ba ya buɗewa. Da safe na je gidan da kaina na faɗa wa Hajiyar gaskiyar abin da ya faru na nuna mata waɗanda aka samu a waya, ta yi shiru ta ce a wanko mata su, kuɗin bidiyo kuma na mayar. An sa min kadi mai 9.5, SSD ban yanka ba, na kai Desktop da sauran D kamar yadda Injiniya ya ce. Tsohon hadisk ɗin mai 500 nake tunanin in mayar na waje tunda yana kwanso, ko kuwa?

Injiniya: Ka gwada shi da CrystalDiskInfo tukuna, shuɗin allon nan da ta riƙa kawowa tun farko wataƙila ba Windows ba ce, shi ne ya fara gajiya. Kuma kar ka rubuta komai a kansa sai ka haƙura da bidiyon gaba ɗaya, akwai masu iya gyara fayil ɗin bidiyo in ka ba su wani lafiyayye da aka ɗauka da kamarar.

Mai Editin Zoo Road: Kawo min shi ranar Asabar bayan azahar tare da kamarar, mu gwada ko na yinin zai tashi.